Gustav Zumsteg: Attajirin Siliki Da Ya Rataye Dukiyarsa A Bangon Gidan Abinci

A birnin Zurik, wanda shi ne birni mafi girma a ƙasar Suwizalan, akwai wani gidan abinci da ake kira Kronenhalle. Yana kan titin Ramistrasse, dab da dandalin Bellevue, inda kogin Limmat yake fita daga tafkin Zurik ya ratsa tsakiyar gari. Wanda ya hango shi daga waje ba zai ga wani abin mamaki ba, domin kuwa tsohon gini ne irin na ƙarni na 19, kamar sauran maƙwabtansa. Amma da zarar mutum ya sa ƙafa ciki ya sami kujera, sai ya tarar yana cin abinci a ƙarƙashin zane-zanen manyan gwanayen zane na Turai, irin su Picasso da Chagall da Miro da Braque da Matisse da Bonnard. Dukkansu na ainihi ne, waɗanda masu su suka zana da hannunsu, kuma a cikinsu akwai wanda in an kai shi kasuwa, kuɗinsa ya isa ya sayi gida har da canji.

Mutumin da ya rataye waɗannan zane-zane shi ne Gustav Zumsteg, wanda aka haifa a Zurik a cikin shekarar 1915, ya kuma rasu a can a cikin 2005. Shi dai wannan bawan Allah ya haɗa abubuwa uku a rayuwarsa, watau fataucin siliki, da tara zane-zane, da kuma riƙon gidan abinci. Silikin shi ya kawo masa kuɗi da suna, amma kamfanin ya durƙushe tun yana da rai. Abin da ya wanzu bayansa shi ne gidan abincin da mahaifiyarsa ta kafa, da kuma zane-zanen da ya ƙi kullewa a ma'aji. Saboda haka labarinsa ba zai cika ba sai an faro shi daga kan wannan tsohuwa.

UWAR MASU GIDA

An haifi Hulda, mahaifiyar Gustav, a garin Winterthur a cikin shekarar 1890, a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Tun tana yarinya ta shiga aikatau, daga baya ta zama mai kai wa baƙi abinci a tebur a wani gidan abinci na Zurik. A wannan aiki ne ta koyi abin da ba a koyar da shi a makaranta, watau sanin halin mutane, da iya karanta fuskar baƙo tun kafin ya buɗe baki. Ta auri Gottlieb Zumsteg, wanda shi ma sana'arsa ke nan, kuma a cikin 1924 su biyun suka karɓi wani tsohon otal da ya fara lalacewa, wanda a da ake kira Hotel de la Couronne, suka gyara shi, suka buɗe shi da sunan Kronenhalle. Ma'anar sunan da Jamusanci ita ce zauren kambi.

Wurin da gidan yake ya taimaka masa ƙwarai. Gidan waƙe-waƙen opera na birnin yana kusa, haka kuma in an haura titin kaɗan za a tarar da babban gidan wasan kwaikwayo da ake kira Schauspielhaus, da gidan adana zane-zane na Kunsthaus. Da Hitila ya hau mulki a Jamus a cikin 1933, marubuta da 'yan wasan kwaikwayo da yawa suka tsere zuwa Zurik, saboda Jamusanci ake yi a can, kuma ƙasar 'yar ba-ruwanmu ce. Da yawa daga cikinsu sun iso ba su da ko sisi. In an tashi daga wasa da dare, Kronenhalle ce mahaɗarsu.

A nan halin Hulda ya fito fili. Mutanen Zurik suna ba da labarin yadda takan sa a zuba wa ɗalibi ko mai zane da aljihunsa ya bushe miya mai zafi, ba tare da ta kunyata shi a gaban jama'a ba, ta kuma karɓe shi da fara'ar da take karɓar manajan banki. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to, ita ta haɗa duka biyun. Kowane dare takan zagaya tebur-tebur tana gaisawa da baƙi, kuma ba ta fasa wannan al'ada ba har ta tsufa tukuf.

Daga cikin waɗanda suka saba da gidan akwai James Joyce, shahararren marubucin nan ɗan ƙasar Ailan. Ya dawo Zurik a ƙarshen 1940 yana gudun yaƙi daga Faransa, kuma a cikin watan Janairu na 1941, 'yan kwanaki kaɗan bayan ya ci abincin dare a Kronenhalle, ciwon ciki ya kwantar da shi, ya rasu a asibiti, aka binne shi a maƙabartar Fluntern. Har yanzu akwai teburin da ake kira da sunansa a gidan. Bayan yaƙi kuma manyan marubutan Suwizalan guda biyu, Max Frisch da Friedrich Durrenmatt, suka zama 'yan gida.

YARON SHAGO A FARIS

A cikin wannan hayaniya ta tukwane da muhawarar marubuta Gustav ya tashi. Sai dai bai bi sana'ar gida kai tsaye ba. A cikin 1931, bai wuce shekara 16 ba, ya shiga kamfanin siliki na Ludwig Abraham a matsayin ɗan koyo.

Ba abin mamaki ba ne yaron Zurik ya nufi siliki. Tun a ƙarni na 16 wasu 'yan gudun hijira na addini daga garin Locarno suka ƙarfafa wannan sana'a a birnin, kuma a ƙarni na 19 Zurik ta kai matsayin da take gogayya da birnin Lyon na Faransa a kasuwar siliki ta duniya. Ko masu cinikin atamfa da leshi a Kantin Kwari na Kano ko kasuwar Balogun ta Legas sun san darajar da sunan Suwizalan yake da ita a kan yadi.

Shi kamfanin Abraham yana da wata tsarga ta daban. Aikinsa shi ne ya ƙirƙiro zanen yadi da launinsa, ya ba masaƙu da marina na waje su saƙa su buga masa, sa'an nan ya sayar wa manyan gidajen ɗinki. Watau jarinsa na gaskiya shi ne ido, idon da zai hango launin da mata za su so baɗi tun kafin su kansu su sani. Wannan ido kuwa Allah ya ba Gustav.

A cikin 1936 ya koma Faris, babban birnin Faransa, wanda a lokacin shi ne cibiyar ɗinki da zane ta duniya. Da rana yana yawo da samfurin yadi daga wannan gidan ɗinki zuwa wancan, da yamma kuma yana leƙa shagunan dillalan zane da ɗakunan masu zanen kansu. A cikin 1943 ya zama abokin tarayya a kamfanin, a cikin 1968 kuma kamfanin ya zama nasa shi kaɗai. Yaron shago ya zama mai gida.

SILIKI DA MANYAN TELOLI

Domin mai karatu ya gane irin kasuwar da Gustav ya ci, ya kamata a yi bayanin yadda manyan gidajen ɗinki na Faris suke aiki a wancan zamani. Sau biyu a shekara kowane gida yakan fito da sabbin tufafi, ya nuna wa attajiran mata da 'yan jarida. Wadda ta ga rigar da ta yi mata, sai a auna ta a ɗinka mata da hannu, kuma kuɗin riga guda yakan fi albashin ma'aikaci na watanni da yawa. Abin da aka nuna a Faris shi sauran telolin duniya za su kwaikwaya. Saboda haka duk ɗan kasuwar da yadinsa ya shiga waɗannan gidaje, to, kakarsa ta yanke saƙa.

Yadin Abraham ya shiga kusan dukkansu. Christian Dior da Hubert de Givenchy da Coco Chanel duk sun yi ciniki da kamfanin. Amma mutum biyu ne suka fi kusa da Gustav. Na farko shi ne Cristobal Balenciaga, ɗan ƙasar Sifen, wanda sauran teloli suke ɗauka a matsayin malaminsu. Shi Balenciaga yana son yadin da zai tsaya da kansa kamar an sassaƙa shi, ba tare da ya lanƙwashe a jiki ba. A cikin 1958 kamfanin Abraham ya fito masa da wani siliki mai ƙarfi amma marar nauyi da ake kira gazar, wanda har yau ake amfani da shi wajen ɗinkin rigunan amare da na manyan bukukuwa.

Na biyu shi ne Yves Saint Laurent. Sun haɗu ne a cikin 1957 a wajen jana'izar Christian Dior, lokacin Saint Laurent yana ɗan shekara 21, an kuwa ɗora masa nauyin gidan Dior gaba ɗaya. Da ya buɗe nasa gidan ɗinkin a cikin 1961, Gustav ya tsaya masa, suka yi shekaru fiye da 30 suna aiki tare, wannan yana kawo yadi, wancan yana yankawa. Masana tufafi sun lura cewa launukan da Gustav yake kallo dare da rana a zanen Matisse da Miro su ne suke ɓullowa a jikin silikinsa. Ashe tara zanen da wasu suke ɗauka almubazzaranci ne, shi makarantarsa ce.

YADDA ZANE YA SAUKO ƊAKIN CIN ABINCI

A Faris Gustav ya ƙulla abota da Aime Maeght da matarsa Marguerite, waɗanda suka buɗe shagon sayar da zane a birnin a cikin 1945, suka kuma zama dillalan Braque da Miro da Chagall da Alberto Giacometti. Ta hanyarsu da ta wasu ya san masu zanen ido da ido, ya ci abinci da su, ya shiga ɗakunan aikinsu. Yana sayen abin da ya kwanta masa a rai, a lokacin da farashin irin waɗannan ayyuka bai yi tashin gwauron zabon da ya yi daga baya ba.

Akan ji wasu suna cewa wai masu zane ne suke biyan kuɗin abinci da zanensu a Kronenhalle. Labarin yana da daɗin ji, amma gaskiyar magana ita ce mafi yawan zane-zanen Gustav ne ya saye su da ribar siliki, wasu kuma kyauta ce ta abota daga masu su zuwa gare shi ko ga mahaifiyarsa. Masaukinsa na Zurik yana saman gidan abincin. Da bangon ɗakunansa ya cika, sai ya fara sauko da su ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana ratayewa a jikin katakon bango, ƙarƙashin tambarin tsofaffin ƙungiyoyin sana'a na birnin da aka jera a zauren.

Wannan abu ya saɓa wa al'adar masu kuɗin ƙasar. In an tsallaka gadar da ke gaban gidan aka yi 'yar tafiya kaɗan, za a isa unguwar manyan bankunan Suwizalan, inda dukiyar duniya take kwance a ƙarƙashin ƙasa. A birnin Jeniba kuwa akwai manyan rumbunan ajiya marasa haraji, inda zane-zane masu ɗimbin yawa suke shekara da shekaru a cikin akwati, mai su yana jiran farashi ya hau, ba shi ba kallonsu, balle wani. Shi kuwa Gustav sai ya kai nasa inda tururin miya yake tashi, inda ake shan taba a wancan zamani, inda gwiwar hannun baƙo ko tiren ma'aikaci zai iya gogar su, inda kuma ɓarawo zai iya zama ya ƙare musu kallo da sunan cin abinci. Ya san da wannan kasada sarai, ya kuma ɗauke ta, domin a wurinsa an yi zane ne don a zauna tare da shi.

Da Gottlieb Zumsteg ya rasu a cikin 1957, Gustav ya shiga harkar gidan sosai tare da mahaifiyarsa. Ita tana riƙe da baƙi da ma'aikata, shi yana riƙe da lissafi da kwalliyar gida. A cikin 1965 ya buɗe mashaya a gefen gidan abincin, wadda Robert Haussmann ya tsara, aka kuma ƙawata ta da fitilun tagulla na Diego Giacometti, ƙanen Alberto. Marc Chagall, wanda ya yi tagogin gilashi masu launi na cocin Fraumunster da aka ƙaddamar a cikin 1970, ya zama na gida har aka sa wa wani ɗaki sunansa. Wani mai zane ɗan Zurik da ake kira Varlin kuma ya zana Hulda a tsaye, tsohuwa mai kwarjini, aka rataye hoton a babban zaure, inda take duban kowane tebur kamar yadda ta saba. Ita da ta fara da aikatau, a ƙarshen rayuwarta rigunan Balenciaga take sawa tana zagaya baƙinta.

Duk da wannan ƙawa, ba a canza abincin ya zama na burga ba. Abin da aka fi sanin gidan da shi shi ne girkin gargajiya na Zurik, watau naman maraƙi da aka yayyanka ƙanana aka dafa cikin miyar kirim, ana ci da gurzajjen dankalin Turawa da aka soya kamar waina, wanda suke kira rosti. Akwai kuma gasasshen nama da ake turowa a kan keken azurfa a yanka a gaban baƙo, sai kayan zaƙi na cakulan da ake ɗebowa daga babban kwano. Amma fa a faɗi gaskiya, Kronenhalle gidan masu hali ne, farashinsa ya fi ƙarfin talaka. Sai dai duk wanda ya iya biyan kuɗin kwano guda, ko ba shi da sarauta ko sanayya, zai zauna kusa da Miro kamar kowa.

YAYI YA JUYA BAYA

Masu iya magana sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, kuma babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar kasuwar yayi. A shekarar da Gustav ya mallaki kamfanin Abraham, watau 1968, a shekarar ce Balenciaga ya rufe gidan ɗinkinsa, saboda ya ga zamanin matan da ake ɗinka wa riga da hannu yana shuɗewa. Tufafin kanti, waɗanda ake ɗinkawa da yawa a masana'anta a rataye a shago, su suka karɓe kasuwa. Matan da suka shiga aikin ofis suna son abin da za su wanke su sa gobe. Yadin roba mai araha ya cika gari, siliki mai sauƙin kuɗi kuma ya riƙa kwararowa daga ƙasashen Asiya.

Kamfanin ya ci gaba da haskawa a shekarun 1970 da 1980, musamman albarkacin Saint Laurent, amma ƙasa tana zaizayewa a ƙarƙashinsa. Gustav mutum ne da ba ya yarda a rage inganci don a rage farashi, wannan hali da ya ɗaukaka shi kuwa shi ne ya zame wa kamfanin nauyi da kasuwa ta canza. A shekarun 1990 asara ta fara yawa, kuma a cikin 2002 kamfanin Abraham ya karye. A cikin wannan shekarar ce kuma Yves Saint Laurent ya yi ban kwana da sana'ar ɗinki. Gustav yana da shekara 86 a lokacin, ya ga ƙarshen aikin da ya ba shekara kusan 70 na rayuwarsa.

WAƘAFIN DA YA BARI

Hulda ta riga ta rasu tun 1984, tana da shekara 93, bayan ta yi shekara 60 tana riƙe da gidan. Rasuwarta ta sa Gustav ya fuskanci tambayar da take jiran kowane mai dukiya, watau ina abin zai nufa in mai shi ya kau. Ya sha ganin yadda ake yi da tarin zanen attajirai. Kafin a share makoki dillalai sun iso, a kai kaya gwanjo, abin da mutum ya shekara 50 yana haɗawa ya watse a yini guda. Gidan abinci mai irin wannan matsayi a tsakiyar Zurik kuwa, ba zai rasa mai son saye ya mai da shi wani abu dabam ba.

Saboda haka a cikin 1985 ya kafa wata gidauniya da sunansa da na mahaifiyarsa, wadda aikinta ya yi kama da abin da Musulmi suka sani da waƙafi. Da ya rasu a cikin watan Yuni na 2005 yana da shekara 89, gidan abincin da zane-zanen da ke bangonsa suka koma hannun wannan gidauniya, bisa sharaɗin a ci gaba da tafiyar da gidan yadda aka san shi. Wasu daga cikin zane-zanen da ya ajiye don kansa ya bar wa gidan adana zane na Kunsthaus, wasu kuma kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar a cikin 2006. Gidauniyar tana kuma tallafa wa ayyukan fasaha da na sana'ar yadi.

Shi ma silikin bai ɓace gaba ɗaya ba. Kamfanin Abraham ya kasance yana adana samfurin yadin da ya fitar, tare da littattafan zane da hotunan rigunan da aka ɗinka da su. A cikin 2007 aka miƙa wannan taska ga gidan tarihi na ƙasar Suwizalan da ke Zurik, wanda ya baje ta ga jama'a a wani nuni da aka buɗe a cikin 2010. Ɗalibai masu koyon zanen yadi suna zuwa can su yi nazarin aikin.

A cikin 2024 Kronenhalle ta cika shekara 100 da buɗewa. Bankunan da suka fi ta ƙarfi a birnin wasu sun shuɗe, har da Credit Suisse, wanda aka kafa tun 1856, bankin UBS ya haɗiye shi a cikin 2023. Gidan da wata mai aikatau ta kafa da mijinta kuwa yana nan yana buɗe ƙofa rana da dare, ma'aikata suna shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, suna turo keken nama a tsakanin kujeru, hoton Hulda yana bango, zane-zanen da ɗanta ya sauko da su daga bene kuma suna rataye inda ya bar su.